Shin thumos fushi ne kawai?

Malam Garba: 'Yan'uwa, ni dai a wurina thumos na tsohon Girkanci fushi ne, babu ƙari. Masanin falsafa Aflatun da kansa, a littafinsa Kiratilus 419e, ya danganta kalmar da tafasar rai. Har yau a Girka, in an ce thimos, fushi ake nufi.

Malama Hadiza: Malam, a yi haƙuri, ka taƙaita ta da yawa. A wurin Homa, tsohon mawaƙin Girka, thumos abu ne da ke zaune a ƙirji, da shi ake murna, da shi ake tsoro, da shi ake ɗokin yaƙi. A waƙarsa Iliyad littafi na 11, lokacin da jarumi Odisiyus ya rage shi kaɗai mayaƙan birnin Turoi sun nufo shi, da thumos ɗinsa ya yi shawara: ya gudu ko ya tsaya? Jarumi kuma in mashi ya gama da shi, sai a ce thumos ya bar gaɓoɓinsa. Fushi zalla yana da sunayensa daban: menis, kalmar farko ta Iliyad, wadda galibi ta alloli ce da jarumi Akilis, da kuma kolos, ɗan'uwan kalmar Girkanci mai nufin matsarmama.

Dakta Isa: Inda ake tuntuɓe shi ne haɗa zamunna. Tsakanin Homa da Aflatun akwai kusan shekara 400. A Jamhuriya, rubutunsa na falsafa, littafi na 4, Aflatun ya kasa rai uku: hankali, thumos, da sha'awa. Ya kawo labarin wani mutum, Liyontiyus, wanda ya taso daga Firiyus, tashar jiragen ruwan Atina, ya ga gawarwaki wajen ganuwa. Sha'awa ta ce ya kalla, ya rufe fuska, daga baya ya kasa daurewa, ya ruga ya buɗe idanunsa yana zagin idanun nasa. Wannan fushi ne, amma fushin da ke mara wa hankali baya.

Malam Garba: To, ai Dakta ya ba ni gaskiya. Malaman falsafa na Larabci ma al-ƙuwwatul gadabiyya, wato ƙarfin fushi, suka kira shi.

Malama Hadiza: Haka ne, amma Gazali ya ce idan wannan ƙarfin ya daidaita, jarumta ake samu. Ga gwaji mai sauƙi, Malam: duba kalmomin da aka ƙera daga thumos. Athumiya ba rashin fushi ba ce, karaya ce. Purothumiya himma ce, efithumiya sha'awa. Da fushi ne tushen, ko ɗaya ba za ta fito haka ba.

Dakta Isa: Mai fassara ya fara duba marubucin, sannan aikatau ɗin da ke kusa. A Homa, zuciya ta fi dacewa, tunda mu ma muna cewa "ya yi zuciya" kuma muna cewa "zuciyarsa ta karaya". A Afisawa 4:31 ta Littafi Mai Tsarki kuwa, inda thumos da orge, wata kalmar fushi ta Girkanci, suka zo jere, can fushi ne da hasala.

Malam Garba: A Homa na yarda, Malama. A kan Aflatun ina nan kan bakana.