Dashbod ɗin MGB ya ƙi fita, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa masana tsofaffin motoci. Ina da mota MGB ƙirar 1969, irin wadda aka yi wa kasuwar Amurka mai dashbod na soso, wanda ba shi da akwatin ajiya. Rana ta cinye fatarsa, ta tsattsage har soson yana zubowa kamar gari, shi ya sa na samo sabo.

Na cire kan batir, na zare wayar agogon gudu da ta cok, na kwance duk notikan ƙasa. Matsalar tana sama, can ƙarƙashin gilashin gaba. Noti ɗaya da ke bayan agogon gudu ya yi tsatsa, kuma da na samu sifana ta kama shi sai ya riƙa juyawa tare da ƙarfen da yake ɗaure a kai. Hannu ma da ƙyar yake shiga wurin. Na fesa man sassauta tsatsa, ko gezau. Ba na son in sa ƙarfi in lanƙwasa jikin motar, don fentinta na asali ne.

Shin sai na sauke sitiyari kafin in kai gare shi, ko akwai wata dabara?

Sai kuma wayoyi. Na san waya mai launin ruwan ƙasa wuta ce kai tsaye, fara ta makulli, baƙa ta as (wato wadda ake haɗawa da ƙarfen jikin motar). Amma ɗan akwatin nan da ke ba gejin mai da na zafi volt 10, dole ne sai jikinsa ya taɓa ƙarfe idan na mayar da shi? Don Allah wanda ya taɓa yin aikin nan ya taimaka mini.