Wai Joe Thomas ɓata shekarunsa ya yi a Cleveland?

Ɗan Fagge: Jama'a na faɗa jiya kuma ina nan kan bakana, Joe Thomas ɓata kansa ya yi a Cleveland Browns. Shekara 11 mutum yana ƙwallon Amurka, daga 2007 har 2017, ko sau ɗaya bai taka zagayen sili ɗaya ƙwale ba balle a zo maganar Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofi. A shekarun nan wasa 48 kacal kulob ɗin ya ci, ya sha kashi 128, a 2016 wasa ɗaya tal suka ci, 2017 ko ɗaya babu. Toh ina amfanin ƙwarewar?

Baban Ilham: Haba ƙanena, ka san aikin mutumin kuwa? Shi fa ba ya jefa ƙwallo, ba ya cafewa, ba ya gudu da ita. Mutum biyar ne suke jeruwa a gaba su kare kwatabak, wato mai jefawar, shi Thomas yana can ƙarshen hagu, gefen da mai jifa da hannun dama yake ba wa baya, ba ya ganin abin da ke tahowa. Ana miƙa ƙwallo wani ƙato mai gudun tsiya zai taso da niyyar ya kwashe kwatabak ya maka da ƙasa, kai kuma da baya da baya kake tafiya kana tare shi, daƙiƙa uku kawai ake nema a wajenka amma fa tashin ƙwallo sau sittin ko fiye ake yi a wasa ɗaya. Tashin ƙwallo 10,363 a jere ya buga bai fita ya huta ko sau ɗaya ba, sai Oktoba 2017 da jijiyar damtsensa ta tsinke a wasansu da Tennessee Titans. Wannan kake kira ɓata kai?

Ɗan Fagge: Yaya ban ce bai iya ba fa. Iyawar ce ma take ƙona min rai

Hajiyar Sabon Gari: Ni tambaya gare ni, shi ya zaɓi Cleveland ɗin ne tun farko?

Baban Ilham: A'a Hajiya, a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ba kai ke zaɓa ba. Kulob ɗin da ya fi shan kashi bara shi ake fara ba wa damar ɗaukar yara daga jami'o'i, Browns suka ɗauko shi na uku a 2007 daga jami'ar Wisconsin. Ranar ma bai je wajen bikin ba, yana tafkin Michigan yana kamun kifi da mahaifinsa.

Ɗan Fagge: Na yarda da farko ba zaɓinsa ba ne, amma 2011 fa? Da hannunsa ya sa hannu a sabon kwantiragi na shekara 7, dala miliyan 84, alhali idonsa ya riga ya ga inda kulob ɗin ya dosa, shekara uku a jere ba su wuce cin wasa biyar ba. Sannan a 2015 an yi ta rahoton Denver Broncos suna nemansa, da ya tada ƙayar baya ya ce shi fa sai ya tafi da an sake shi, kuma a kakar nan Denver suka ɗaga kofi. Ku dubi Andrew Whitworth mana, aiki iri ɗaya, jiha ɗaya ta Ohayo, shekara 11 a Cincinnati Bengals bai ci wasan sili ɗaya ƙwale ko ɗaya ba, ya tattara ya koma Los Angeles Rams a 2017, Fabrairu 2022 yana da shekara 40 ya ci Super Bowl, kuma a kan Bengals ɗin ma. Wannan shi ne mutumin da ya san ciwon kansa.

Malam Direba: Gsky maganar Whitworth ta shige ni, ba ni da amsarta.

Baban Ilham: Ni ina da ita. Whitworth sai da kwantiraginsa ya ƙare ya tafi, kuma jikinsa ya ba shi har 40. Thomas yana 33 ya ajiye a Maris 2018, gwiwoyi sun gama aiki. Kuma ɗan uwa ka duba wa yake karewa, kwatabak 20 daban daban aka saka a bayansa, koci a kawo a kora a kawo a kora, yau a koya maka wannan tsarin baɗi a ce ka manta da shi. A cikin wannan ruɗanin sau 10 a jere aka zaɓe shi Pro Bowl, wasan fitattun 'yan wasan shekara, tun daga shekararsa ta farko. Wanda kulob ɗinsa ke ci kullum ai da sauƙi ya tashi da ƙarfin gwiwa, amma ka fito cikin sanyin Disamba a bakin tafkin Erie inda filin Cleveland yake, ka san kakar ta riga ta mutu, filin rabi babu kowa, ka sunkuya ka tare mutum kamar wasan ƙarshe ne, wlh ni wannan ya fi girma a idona.

Hajiyar Sabon Gari: Abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar jikin. Na ga hotonsa bayan ya daina wasa ban gane shi ba sam, ya zube ya koma siriri. Ashe kilo wajen 140 ɗin nan da ƙyar yake riƙe shi, shi da kansa ya ba da labarin yadda yake ɗura abinci ko baya jin yunwa, har askirim da biskit kafin ya kwanta, don kar nauyin ya sauka a ture shi a fili. Mutum ya yi wa cikinsa da gwiwarsa haka shekara da shekaru, ni kam na fahimci mai cewa ya kamata a ce ya samu kofi ko ɗaya ne.

Ɗan Fagge: Yauwa Hajiya, abin da nake faɗa kenan tun ɗazu!

Hajiyar Sabon Gari: A'a tsaya, ban ce ya ɓata kansa ba, tausayi na ce. Biyun ba ɗaya ba ne.

Likitan Unguwa: Ku bari in sa baki. In kofi ne ma'auni, Mike Webster na Pittsburgh Steelers shi ma a layin gaban nan ya yi wasa, a tsakiya, Super Bowl 4 ya ci. Ya rasu 2002 yana da shekara 50 bayan ya sha fama da ruɗewar tunani har yana kwana a mota. Ɗan Najeriya ne ma, Dakta Bennet Omalu, ya binciki ƙwaƙwalwarsa ya gano cutar da yawan gwaruwar kai ke jawowa, wadda ake kira CTE. Su masu wannan layin duk tashin ƙwallo sai an yi karo, shi ya sa in na ji 10,363 gabana faɗuwa yake kafin in yi tafi. Da Thomas ya bi kofi ya ƙara shekara uku ko huɗu a wani kulob, wa ya san abin da zai biya?

Malam Direba: Allah ya jiƙan bayinsa. Ban taɓa kallon abin ta nan ba

Baban Ilham: Kuma su masu abin sun yanke hukunci ai. 2023, shekarar farko da ya cancanta, aka shigar da shi zauren gwarazan wasan da ke Canton. Anthony Muñoz da da yawa suke cewa ba a yi kamarsa ba a wannan gurbin, sau biyu ya je Super Bowl da Bengals, sau biyun San Francisco 49ers suka doke su, babu wanda ya ce ya ɓata rayuwarsa.

Ɗan Fagge: Muñoz ai ya je, ya taka filin, ya ji yadda abin yake. Thomas ko ƙofar bai gani ba. Canton ɗin na yarda ya cancanta ɗari bisa ɗari, amma yaya ka amsa min wannan tsakani da Allah, da ƙaninka ne uwa ɗaya uba ɗaya ya kira ka a 2015 ya ce Denver na nemansa, cewa za ka yi ya zauna?

Baban Ilham: Zan fara tambayarsa matarsa da yaransa me suka ce, da kuma yadda gwiwar take. In ya ce zama yake so, ba zan tura shi ba.

Ɗan Fagge: Ni kam da kaina zan saya masa tikitin jirgi.