Yadda kowa ya ƙirƙiro dabbarsa a wasan labarinmu

Ɗan Auyo: Assalamu alaikum. Sababbin shiga suna ta tambayar yadda ake ƙirƙiro dabbar da mutum zai riƙa magana da bakinta a wasan nan namu na rubuta labari tare. Kowa ya faɗi yadda ya yi tasa. Ni daga gaiwa na samo tawa, kifin nan da idan ruwa ya janye yake nutsewa cikin laka, ya lulluɓe jikinsa da yauƙi, yana shaƙar iska ta ɗan rami har damina ta dawo. Na ƙara mata ƙaho da gemu, na ajiye ta cikin kachalla, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja. Ta san sirrin duk abin da ya taɓa nutsewa a kogi. Amma da zarar rani ya shigo a labarin sai ta yi barci, mai son jin ta bakinta dole ya je ya haƙo ta da tulun ruwa a hannu. Wannan barcin ne ya fi jawo mata 'yan wasa.

'Yar Ringim: Wa alaikumus salam, Yaya. Tawa shamuwa ce mai ƙayar beguwa a fukafukai. An so in ba ta ikon saukar da ruwa, na ƙi, ruwa na Allah ne. Albishir kawai take kawowa, kamar yadda manoma ke fara gyaran gona idan sun ga shamuwa ta sauka. Kuma matsoraciya ce, tana jin tsawa sai ƙayoyin su zube.

Na Birnin Kudu: Duk wanda ya je Dutsen Habude ya ga tsofaffin zanen shanu a jikin dutse. Nawa sa ne, ɗaya daga cikinsu. Ba ya fitowa sai an buga dutsen kiɗa da dare, kafin asuba kuma dole ya koma ya zama zane. Ba ya magana sam. Motsin kunnensa da takunsa kawai nake rubutawa, sauran 'yan wasa su fassara. Akwai wahala, amma ina jin daɗinsa ƙwarai.

Ɗan Doguwa: Malamai, ni abin da ke damuna shi ne masu zuwa da ƙaton maciji mai fukafukai, yana aman wuta, kibiya ba ta kama shi, yunwa ba ta kama shi. To da wa zai yi wasa? Dodo ma a tatsuniya ana yi masa wayo, Gizo kuwa sau nawa ya sha duka? Tawa yanyawa ce mai wutsiya biyu daga dajin Falgore, tana ɓacewa a inuwar tsamiya, amma ko yaro ne ya kira sunanta na gaskiya dole ta bayyana.

'Yar Ringim: Yaya Ɗan Doguwa, to waye ya san sunan nan?

Ɗan Doguwa: Na tura wa mai kula da wasan shi kaɗai, ƙanwata. Duk mai so ya nemo shi a cikin labarin. Na bar alama a bakin mai kiwon da ya fito ranar kasuwa.