An ce bawul ɗin zuciyar ƙanwata yana yoyo: sai an yi tiyata?

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum. Ƙanwata mai shekara 27 ta yi wata huɗu tana fama da haki, ko ɗan tudun da ke bayan gidanmu a nan Jos ba ta iya hawa sai ta tsaya hutu, da dare kuma sai ta tara matashi uku kafin ta samu barci. Likita ya saurari ƙirjinta, ya tura mu hoton zuciya na eko, sannan ya ce bawul ɗin da ke bakin babbar jijiyar awota, wato ƙofar da ke hana jini komawa cikin zuciya, ba ya rufewa sosai. Shin magani kaɗai ba zai wadatar ba?

Ma'aikaciyar Jinya, Bukuru:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba ta lafiya. Bawul ɗin nan marufi uku gare shi, kuma idan ba su haɗe ba, jinin da zuciya ta tura sai ya komo mata, ta riƙa yin aiki biyu har ta faɗaɗa. A nan ƙasar, sau da yawa silar ita ce ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a magance ba, wasu kuma da marufi biyu aka haife su. Magani yana rage haki da hawan jini, amma ba ya toshe yoyon. Idan eko ya nuna yoyon mai tsanani ne, ga kuma haki, to tiyata ake shawartawa, domin in aka bari zuciyar ta yi rauni, ba lallai ta dawo daidai ba. Malam, ka tambayi likitan ko za a iya gyara nata bawul ɗin, ko da yake an fi yawan sauya shi.

Baban Rikkos:
Ɗana, ni an yi mini. Ta ƙashin ƙirji aka shiga, na'ura ta riƙe aikin zuciya da huhu, kuma ƙashin ya ɗauki kusan wata biyu kafin ya haɗe. Bawul na ƙarfe aka sa mini, idan dare ya yi tsit ina jin bugunsa kamar agogo. Wafarin, maganin hana jini daskarewa, nake sha har iya rayuwa, da gwajin jini a kai a kai, ko zogale ma ba na cinsa barkatai.

Ma'aikaciyar Jinya, Bukuru:
Baba ya taɓo wurin da ya fi shafar ta, tunda mace ce mai shekarun haihuwa: wafarin yana iya cutar da ɗan tayi. Akwai bawul na nama, na saniya ko na alade, wanda galibi ba ya buƙatar wafarin na dindindin, sai dai ya fi saurin lalacewa a jikin matasa, a sake tiyata. Ta faɗa wa likita burinta na haihuwa, kuma a duba mata haƙora kafin ranar aikin.