Norovirus da Hausa: Wane Suna Za Mu Raɗa Mata?

1/ Jama'a, ga wata kalma da ya kamata mu yi wa matsuguni: norovirus. Duk lokacin da ta ɓarke a ɗaya daga cikin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, sai ka ga an rubuta da Hausa cewa "cutar amai da gudawa ta kama mutum 200 a jirgin ruwa". Bahaushe kuwa da zarar ya ji "amai da gudawa", kwalara ce ke faɗo masa a rai. Haka 'yan'uwanmu na Nijar idan aka ce "zawo da amai". Sunan nan yana da mai shi tun tuni, kuma wannan cutar ba kwalara ba ce.

2/ Ba a yanka ragon suna kafin a ga jinjiri, don haka mu fara ganin abin da za mu raɗa wa sunan. A 1968 ciwo ya auka wa wata makarantar firamare a garin Norwalk na jihar Ohio a Amurka, kusan rabin 'yan makarantar suka kwanta da amai da gudawa. Sai a 1972 wani masani mai suna Albert Kapikian ya hango ƙwayar da madubin likita mai ƙarfin gaske, a cikin samfurin bayan gida. Aka yi ta kiran ta ƙwayar Norwalk, har zuwa 2002 da aka gutsure sunan garin aka samu "noro". Ke nan sunan gari ne, tamkar yadda zazzaɓin Lassa ya ɗauki sunan garin Lassa na jihar Borno a 1969.

3/ Aikinta: bayan ta shiga ciki da sa'o'i 12 zuwa 48, sai tashin zuciya, sai amai mai zuwa ba sallama, sai gudawa da murɗar ciki, wani lokaci da ɗan zazzaɓi da ciwon jiki. Kwana ɗaya zuwa uku yawancin mutane sun miƙe. Babu allurar rigakafinta har yau, babu kuma wani magani nata na musamman. Haɗarinta shi ne ƙarewar ruwan jiki, musamman ga tsofaffi da ƙananan yara.

4/ Me ya haɗa ta da jirgin ruwa? Ƙwaya ƙalilan, wadda ba ta kai 20 ba ma, tana iya kayar da ƙato, alhali marar lafiya ɗaya yana fitar da biliyoyinta. Tana iya yin kwanaki a jikin ƙarfen matakala ko maɓallin lif tana jiran hannu. In wani ya yi amai a falo, ɗigon da ido ba ya gani yana fantsama a iska ya sauka kan tebur da faranti. To yanzu ka tara mutum dubu uku ko biyar wuri guda mako guda, kowa yana kama ludayi ɗaya a wurin ɗibar abinci, sannan ranar da waɗannan suka sauka da safe, da yamma wasu dubban su shiga ɗakunan da aka bari. Wanda ya warke ma yana iya ci gaba da fitar da ƙwayar a bayan gida har mako biyu ko fiye.

5/ A watan Janairun 2014 jirgin Explorer of the Seas ya tashi daga New Jersey zuwa tsibiran Karibiyan, fasinjoji sama da 600 suka kamu, dole aka katse tafiyar aka juyo gida. A watan Maris na 2025 Queen Mary 2 da ya taso daga Southampton ta Ingila ya samu sama da mutum 200. Amma labarin da ya fi ba ni mamaki shi ne na jirgin Aurora a ƙarshen 2003: kimanin mutum 500 suka kwanta, Girka ta hana shi tsayawa a tasharta, da ya isa Jibralta kuwa, wato yankin Birtaniya da ke kudancin Sifaniya, sai Sifaniya ta rufe iyakarta da Jibralta na tsawon sa'o'i, har abin ya zama ka-ce-na-ce tsakaninta da Birtaniya. Ciwon kwana biyu ne fa ya rufe iyakar ƙasa. Ka ga abin da tsoro ke yi, shi ya sa sunan da za mu ba ta bai kamata ya ƙara wa mutane firgici ba, bai kuma kamata ya sa su raina ta ba.

6/ Yanzu ga sunayen da aka turo, da waɗanda na ji a bakin mutane.

"Murar ciki." Wannan fassarar abin da Amurkawa ke cewa ne a gida, kuma su ma likitocinsu sun gaji da gyara musu. Mura a Hausa hanci ne da maƙogwaro da atishawa. Ƙwayar mura daban, wannan daban, allurar mura ba ta kare kowa daga ita. Murar tsuntsaye ta zauna daram don mura ce da gaske. Wannan kuwa kuskuren wasu ne za mu ara mu yafa. Na cire shi.

7/ "Cutar jirgin ruwa." Malam da ya kawo wannan, Allah ya saka da alheri, amma akwai matsala biyu. Ta farko, zai rikice da jirin nan da tashin zuciya da tangaɗin jirgi ke sa wa mutum, wanda ba cuta ce mai yaɗuwa ba. Ta biyu ta fi girma: zalunci ne ga gaskiya. Bisa lissafin CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, jiragen shaƙatawa kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai na ɓarkewar wannan cuta da ake kai rahoto a ƙasar. Fiye da rabi a gidajen kula da tsofaffi da marasa lafiya take faruwa, sauran a gidajen abinci da makarantu.

Abin da ya sa ake jin na jirgi shi ne doka ta tilasta a ƙirga. Tun 1975 CDC ke da shirin duba tsabtar jiragen ruwa. Jirgin da ke ɗaukar fasinja 13 ko fiye, yana zuwa ƙasashen waje yana kuma tsayawa a tashar Amurka, ana yi masa binciken ba-zata sau biyu a shekara, a ba shi maki bisa 100. 85 zuwa ƙasa ya faɗi. Kafin ya iso tasha sai ya faɗi mutum nawa ne ciki ya ɓaci musu, ko da babu ko ɗaya. In suka kai kashi 3 cikin 100 na fasinjoji ko na ma'aikata, sai a wallafa sunan jirgin kowa ya gani. Wane otal ne a tudu ake yi wa haka? In muka ce "cutar jirgin ruwa", mutumin Gusau ko Maraɗi zai ce ba ruwansa, tunda bai taɓa ganin teku ba. Alhali a duniya ana ƙiyasta kamuwa miliyan 685 a shekara, da mutuwar yara kusan 50,000, mafi yawansu a ƙasashe masu tasowa.

8/ "Aman sanyi" ko "aman hunturu." Wannan yana da asali, don tun 1929 wani likita mai suna Zahorsky ya kira ta ciwon aman lokacin sanyi, kuma mutanen Birtaniya da Suwidin har yau haka suke ce mata. "Aman sanyi" dai ku manta da shi. Duk wanda ya taɓa jin tallar masu maganin gargajiya a lasifika ya san inda "ciwon sanyi" ke nufa, kada mu jawo wa marar lafiya kallon banza. "Aman hunturu" ya fi daɗi a kunne, har na so shi. Sai dai jiragen nan a ruwan zafi na Karibiyan take kama su, kuma ba ta da watan hutu. Sunan da ke ce wa mutum da bazara ya saki jiki bai yi ba.

9/ "Ƙaramar kwalara." Hajiyar da ta kawo wannan, na gane nufinki, amma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Kwalara bakteriya ce, gudawarta fara ce tsululu, tana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i, tana da rigakafi, kuma idan ta tsananta likita yana ƙarawa da maganin kashe bakteriya. Noro bairos ce, wato nau'in ƙwayar cutar da maganin kashe bakteriya ba ya yi wa komai. Ranar da muka koya wa mutane cewa kwalara tana da ƙarama, ranar ce wani zai ga ta gasken ya ce ai ƙaramar ce, ya kwanta a gida.

Nan ma akwai giɓi a harshenmu: "ƙwayar cuta" ta haɗa bairos da bakteriya a buhu ɗaya. Shi ya sa da ciki ya ɓaci sai a ruga kemis a sayo Flagyl. Ga noro, asarar kuɗi ce kawai. Abin da ke aiki shi ne ruwan gishiri da sukari, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan ko da ana amai. In fitsari ya ɗauke, baki ya bushe, ko jiri ya hana tsayuwa, sai asibiti.

10/ Wasu sun ce a ƙirƙiro suna tsantsar Hausa, irin ƙanjamau, shan inna, sanƙarau, mashaƙo. Ina tare da wannan a ƙa'ida. Amma ku lura, duk waɗannan sunaye daga wata alama ta musamman aka ciro su: rama, shanyewar ƙafa, sanƙarewar wuya, shaƙewar maƙogwaro. Alamar noro kuwa amai ne da gudawa, kuma kwalara ta riga ta kama wurin. Abin da ya bambanta ta a ido, wato saurin yaɗuwa da saurin wucewa, ba ya ba da suna gajere. "Amai da gudawa mai saurin yaɗuwa" bayani ne, ba wanda zai faɗe shi sau biyu a kasuwa.

11/ To ga matsayata: NORO. Ciwon kuma "cutar noro", abin da ke haddasa shi "ƙwayar noro". Hanyar da muka bi da korona ke nan. An fara da "koronabairos", baki ya ga nauyi ya yar da wutsiyar, aka zauna a "korona". "Norobairos" ma haka zai ƙare, gara mu taƙaita wahala. Gaɓa biyu ne, babu harafin da Hausa ba ta da shi, kuma ba ya karo da sunan wata cuta tamu. Wanda ya je nema a intanet ko ya karanta takardar asibiti zai ga kalmar nan dai.

Wani ɗan tsokaci: a Japan akwai iyalai masu sunan Noro, har a 2011 ƙorafin wani daga can ya sa kwamitin duniya mai raɗa wa bairos suna ya shawarci 'yan jarida su riƙa cewa Norwalk. Shawarar ba ta yi tasiri ba. Mu ma su Nura da Nuru sai su yi haƙuri da tsokanar abokan wasa.

12/ Namiji ne ko mace? An tambaya, kuma tambaya ce mai kyau, tunda kalmomi masu ƙarewa da "o" yawanci maza ne: zawo ya kama shi, mashaƙo ya yi tsanani. Ni dai "noro TA ɓarke" nake cewa, saboda cuta ko ƙwaya ce a ƙarƙashin maganar, kuma ta shiga layin korona da kwalara da Ebola. Kano da Sakkwato ma da "o" suka ƙare, ba wanda ya taɓa cewa Kano ya cika.

13/ Sauran kalmomin da ke tafiya da ita ba su da gardama sosai. Jirgin: "jirgin ruwan shaƙatawa", don a bambanta shi da na dakon kaya da na fito. Tsare marar lafiya a ɗakinsa: "killacewa", korona ta riga ta koya mana. A jiragen, fasinja yakan zauna a ɗaki har ya yi sa'o'i 24 ba amai ba gudawa, mai aikin abinci kuwa sa'o'i 48. Sukan kuma hana fasinjoji ɗibar abinci da kansu, ma'aikaci ne zai zuba wa kowa. "Ɓarkewa" ta wadatar. Mu ajiye "annoba" sai abin ya game gari.

14/ Wadda nake so mu kula da ita ita ce sanitaiza. An riƙa fassara ta da "man tsabtace hannu", kuma a nan sunan yana yaudara. Korona tana da rigar maiƙo wadda alkohol ɗin da ke cikin sanitaiza ke narkarwa. Noro ba ta da wannan rigar, ɓawonta tauri gare shi, don haka shafa sanitaiza ba ta yi mata abin kirki. Sabulu da ruwa ne, a cuɗa aƙalla daƙiƙa 20, bayan fitowa daga bayi da kafin cin abinci. Kumfa da ruwan ne ke ɗauke ta daga fata su tafi da ita. Inda aka yi amai kuma bilic ake sa wa, babban cokali 5 zuwa 25 a galan ɗaya na ruwa, a bar shi minti 5 kafin a goge, da safar hannu. Tufafi da zanin gado a wanke da ruwan zafi. Saboda haka a rubutunmu mu bar ta a "sanitaiza", mu keɓe "wanke hannu" ga sabulu da ruwa kaɗai.

15/ Ga masu rubuta labarai, yadda nake ganin ya dace: a ambaton farko a ce "cutar noro, wadda ke sa amai da gudawa amma ba kwalara ba ce", daga nan sai "noro" kawai. Misali: "Noro ta ɓarke a wani jirgin ruwan shaƙatawa, an killace waɗanda suka kamu a ɗakunansu." Malaman asibiti da ke nan, musamman masu duba yara, ku gwada faɗa wa iyaye shi da baki, ku dawo mana da yadda suka maimaita shi.