Ta ina ɗalibi zai fara tarihin binciken macizai da kwaɗi?

Wani ɗalibi ne yayi tambayar, ga abinda na tsinta cikin shawarwarin da aka bashi. Yawanci sunce ya fara da Linnaeus, masanin halittu ɗan Suwidin, wanda a 1758 ya cusa maciji da ƙadangare da kwaɗo duk rukuni ɗaya, sai a 1825 Latreille na Faransa ya ware su kwaɗo daban. Wasu kuma sukace a'a, gara ya bi tarihin maganin dafi tun daga Calmette, likita ɗan Faransa da ya haɗa maganin dafin maciji wajen 1895, sannan Vital Brazil, likita ɗan ƙasar Brazil da ya gano cewa kowane irin dafi da nasa maganin. Ni dai ta biyun tafi kwanta min, ko don kububuwar dake addabar manoma a Kaltungo.