Kunya ce ko tsoro? Ina neman shawara kan ɗiyata

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗiyata shekararta 14, muna Anguwan Rogo a nan Jos. Tun da ta shiga SS1 ta daina ɗaga hannu a aji. Ko hadda aka ce ta bayar a Islamiyya, sai murya ta ɗauki rawa, zufa ta keto mata. In ta hango ƙawaye biyu suna dariya, shi ke nan, da ita suke. Ƙanena ya ce akwai atisayen waya mai gyara irin wannan tunani. Da gaske ne?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Kunya ce, ado ce ga 'ya mace. Ki ƙyale ta.

Maman Hanifa: Hajiya, da kunya ce kaɗai da ban damu ba. Duk Litinin sai ta ce cikinta na ciwo don kada ta je makaranta.

Anti Ladi: Maman Hanifa, ƙanenki bai yi ƙarya ba. Mai wannan larura ta tsoron shiga mutane, duk abin da zai ɗauki fassara biyu, mummunar yake zaɓa. To atisayen shi ne a ba ta ɗan labari, kamar "Kin shigo aji, kowa ya yi tsit, saboda malam na bayanki", ita ce za ta ƙarasa kalmar ƙarshe, kuma kullum ƙarshen mai daɗi ne ko marar illa. Ana ta maimaitawa har kyautata zato ya zame mata jiki. Andrew Mathews da Bundy Mackintosh ne suka fito da tsarin a Ingila a 2000. Amma kada ki ɗora masa buri: yana sauya fassara, sai dai tsoron kansa kaɗan yake raguwa, a wasu gwaje-gwajen ma bai ragu ba. Wanda ya fi ƙarfin hujja shi ne zama da masanin halayya, wato CBT, inda za ta riƙa tunkarar abin da take gudu sannu a hankali. Tunda ta fara ƙin makaranta, ki kai ta sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH. Ba hauka ba ne, kada sunan wurin ya firgita ki.

Malam Sani: Maman Hanifa, ki samu malamin haddarta. Ta fara karanta masa ita kaɗai, bayan mako biyu a ƙara ɗalibai uku. Kuma a gida a daina ce mata "kurma" gaban baƙi.

Maman Hanifa: Malam, ka taɓo ni, yayyenta ne ke kiran ta haka. Anti, babanta zan fara shawo kai, da ya ji asibitin ƙwaƙwalwa zai ce a'a.